Umfahren: Yadda Za Ka Bambance Kewayewa da Bankewa a Jamusanci

Ranar kwasar shara ce a unguwar da nake koyon tuƙi. An jera robobin shara a bakin titi, ɗaya ta ɗan leƙo kan hanya. Malamin tuƙin, wani dattijon Bajamushe da magana ba ta dame shi ba, ya nuna ta da haɓa ya ce: "Die Tonne bitte umfahren." Don in nuna masa na ji, sai na maimaita kalmar, amma na ɗora nauyin muryata a kan gaɓar farko, na ce UMfahren. Kafin in rufe baki ƙafarsa ta kai kan birkin da ke ɓangarensa. Ya ce a'a, umFAHren. Shi cewa ya yi in kewaye robar. Ni kuwa alkawari na yi masa cewa zan banke ta.

Kuskuren yana da asali. Tun a ajin farko ake koya mana umsteigen, sauya jirgi ko bas, da umziehen, tashi daga gida zuwa wani, da umtauschen, mayar da kaya kanti a canza. Duk ukun nauyinsu a kan um yake. Sai kunne ya yanke hukunci cewa ko ina aka ga um a gaban aikatau, nan ake danna murya. Littattafan aji da yawa ba sa taɓo ɗaya rabin maganar sai ɗalibi ya yi nisa, alhali titi ba ya jiran ka gama littafi.

Abin da nake so in tabbatar maka shi ne Bahaushe ya fi yawancin masu koyon Jamusanci dacewa da wannan darasi. Mu ne muke rubuta kuka, mu bar wa mai karatu ya gane ko na hawaye ne ko ta miya. Mu ne muke rubuta gari, ko na zama ko na tuwo. Boko bai sa wa kalmomin nan wata alama ba, amma ba a taɓa jin wanda aka aika sayen gari ya dawo da Katsina a kai ba. Kunnenka ya riga ya horu da sauraron tashi da saukar murya. Abin da ya rage a nuna masa inda zai kasa.

Mataki na farko: ka ɗauke su a matsayin aikatau biyu

Kada ka ce umfahren kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu. Kalmomi biyu ne da suka sa riga iri ɗaya. Kamus ɗin Duden ma gida biyu ya ware musu.

Na farko shi ne UMfahren, nauyi a kan um. Ma'anarsa a bugi abu da abin hawa har ya faɗi, wato bankewa ko kaɗewa. Wannan mai rabuwa ne, Jamusawa suna ce wa irinsa trennbar: um yana ɓallewa daga jikin fahren ya koma wani wuri a cikin jimla.

Na biyu shi ne umFAHren, nauyi a kan fah. Ma'anarsa a bi ta gefen abu da abin hawa, a kewaye shi ba tare da an taɓa shi ba. Wannan marar rabuwa ne, untrennbar: duk inda fahren ya shiga, um yana manne a goshinsa.

Daga nan zan riƙa kiransu na bankewa da na kewayewa. Jamusawa suna yawan kawo wannan kalma misali idan ana zancen abin da suke kira Januswort, kalma mai fuska biyu da ke kallon gabas da yamma, daga sunan Janus, gunkin Rumawa mai fuska biyu. Mu ma ba baƙonmu ba ne: na ari littafi da na ara masa littafi, wasali ɗaya ne ya juya wanda ya bayar da wanda ya karɓa.

Mataki na biyu: saita baki kafin ka taɓa nahawu

Nauyin murya na Jamusanci, wanda suke kira Betonung, ba daidai yake da karin sautin Hausa ba. A wurinmu kowace gaɓa tana da nata kari, sama ko ƙasa. A wurinsu gaɓa ɗaya ce a cikin kalma ke cin sarauta: ta fi sauran ƙarfi, ta fi su tsawo, kuma galibi murya takan ɗan tashi a kanta. Sauran gaɓoɓin sai su dusashe.

Ka fara da na bankewa. Ka faɗi UM da ƙarfi, wasalin gajere ne kamar na farkon sunan Umma, ka rufe leɓe sosai a kan m, sannan ka saki fahren ya gangara ƙasa. Sai na kewayewa: ka wuce um da sauri kamar kana gaisawa da wanda yake bin ka bashi ba ka son tsayawa, ka sauke dukan nauyin a kan fah, ka ja wasalin kamar a cikin kalmar fara ta fara aiki. Harafin h da ke tsakiya ba a furta shi, aikinsa kawai ya nuna wasalin dogo ne. A bakin yawancin Jamusawa ƙarshen kalmar ma yakan haɗiye, ka ji kamar an ce "faan".

Dabarar da ta yi mini aiki ita ce buga tebur. In na bankewa ne, tafin hannu ya sauka tare da um. In na kewayewa ne, hannu ya jira sai fah. Ka yi sau goma goma, ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara. Matsalar da za ka ji a muryarka, in irin tawa ce, ita ce ba wa gaɓoɓin biyu ƙarfi daidai wa daida, UM-FAH, domin harshenmu bai saba da danne gaɓa har ta dusashe ba. Bajamushe in ya ji haka sai ya zaɓi ma'anar da ta fi kama da hankali, ko ya tambaye ka. Saboda haka aikin ba a ƙara wa gaɓa ɗaya ƙarfi kawai yake ba, har da rage wa ɗayar.

Mataki na uku: duba inda um ya tsaya a jimla mai sauƙi

Nan ne sauƙin yake. A jimlar Jamusanci mai cin gashin kanta, aikatau yana zama a gurbi na biyu. Idan mai rabuwa ne, gangar jikinsa ce kaɗai ke zama a nan, ɗafa-goshin, wato um, ya tafi can ƙarshe.

Ich fahre das Schild um. Ina banke allon hanya.
Ich umfahre das Schild. Ina kewaye allon hanya.

Ko a rubuce babu ruɗani. Haka yake a lokacin da ya shuɗe, irin wanda jaridu ke amfani da shi:

Der Lkw fuhr eine Laterne um. Babbar motar ta banke fitilar titi.
Der Lkw umfuhr die Innenstadt. Babbar motar ta kewaye tsakiyar gari.

Haka a umarni, haka a tambaya:

Fahr den Pfosten nicht um! Kada ka banke turken!
Umfahren Sie bitte die Baustelle. Don Allah ku kewaye wurin da ake aikin hanya.
Umfährst du den Stau? Za ka kewaye cunkoson?

Wahalar da ke nan ta haƙuri ce. Um ɗin da ya ɓalle yana iya yin nisa ƙwarai: Der Fahrer fuhr gestern Abend in der Nähe des Bahnhofs mit seinem Lieferwagen einen Poller um. Har ka kai kalma ta kusa da ƙarshe kana zaton labarin wani direba ne da ya yi tuƙi jiya da dare kusa da tashar jirgin ƙasa. Sai haruffa biyu na ƙarshe su shaida maka ya tumɓuke turken bakin titi. Hausa takan ba ka aikatau cikakke da wuri, ka san abin da ya faru, sauran bayani ya biyo baya. A Jamusanci wanda ya katse mai magana kafin ya kai aya yakan tafi da rabin labari. Ka koya wa kanka jiran wutsiyar jimla.

Mataki na huɗu: ge da zu, da dalilin da ya sa suke zama inda suke zama

A hira ta yau da kullum, idan Bajamushe zai ba da labarin abin da ya wuce, yana amfani da haben ko sein tare da siffar aikatau da ake kira Partizip II. Duka aikatau biyun namu haben suke ɗauka, amma siffarsu ta bambanta:

Er hat das Schild umgefahren. Ya banke allon.
Er hat den Stau umfahren. Ya kewaye cunkoson.

A na bankewa ge ya kutsa tsakiya. A na kewayewa babu ge ko kaɗan. Ɗalibai da yawa haddace wannan suke yi, amma akwai dalili, kuma wanda ya riƙe dalilin ya huta da hadda. Ge ba ya zama sai a gaban aikatau da nauyinsa ke kan gaɓar farko. Shi ya sa ake cewa gefahren, gemacht, gekauft, amma studiert da telefoniert ba su da shi, domin nauyinsu yana can baya. Haka bezahlt da verkauft, saboda be da ver ba sa ɗaukar nauyi. To, umFAHren ya fara da gaɓa marar nauyi, don haka ge bai samu wurin zama ba. Shi kuwa UMfahren, a can ƙasa kalmomi biyu ne da aka rubuta a haɗe, um da fahren. Fahren ya yi nasa gefahren kamar kullum, um ya zo ya tsaya a gabansa. Ka ga ashe nauyin murya, da rabuwa, da ge, duk abu ɗaya ne aka kalla ta kusurwa uku.

Zu ma haka yake bi. Ga jimloli biyu da nake so ka rubuta a bangon littafinka:

Er bremste, um den Radfahrer nicht umzufahren. Ya taka birki don kada ya banke mai keke.
Er bog ab, um den Stau zu umfahren. Ya karya kwana don ya kewaye cunkoso.

Um na farko a kowace jimla ba na aikatau ba ne, shi ne mai ma'anar "domin". Ka duba ƙarshe: umzufahren a haɗe, zu a ciki, bankewa ke nan. Zu umfahren a rabe, zu a waje, kewayewa ke nan.

Idan ba a ambaci wanda ya yi aikin ba, siffar nan ta Partizip II ce dai ke aiki: Das Schild wurde umgefahren, an banke allon. Haka idan ta zama siffar suna: das umgefahrene Schild, allon da aka banke.

Mataki na biyar: wuraren da rubutu ba zai cece ka ba

Akwai wurare uku da aikatau biyun ke fitowa da haruffa iri ɗaya sak.

Na ɗaya, bayan kalmomi irin su müssen, können, wollen, sollen da werden, inda aikatau ke komawa ƙarshe a siffarsa ta kamus. Du musst die Tonne umfahren. A rubuce, ko dai dole ka kewaye robar, ko dole ka banke ta. Umarnin malamin tuƙina ma irin wannan siffa ce, shi ya sa komai ya rataya a kan murya.

Na biyu, a jimlar da ke rataye da wata, wadda ta fara da dass, weil, wenn, ob da ire-irensu. A nan aikatau duka yana tafiya ƙarshe, sai um ɗin da ya ɓalle ya sake haɗuwa da gangar jikinsa: dass er die Tonne umfährt.

Na uku, idan an mayar da aikatau suna: beim Umfahren der Tonne.

In magana ce ta baki, kunnenka ya isa. In a takarda ne, sai ka yi abin da kake yi da kuka da gari, ka dubi maƙwabta. Gwada waɗannan:

Ich hoffe, dass er die Tonne umfährt.
Ich habe Angst, dass er die Tonne umfährt.

Rabin ƙarshe iri ɗaya ne. Amma ta farko fata ce, mutum kuwa fatan a kewaye yake yi. Ta biyu tsoro ne, abin tsoro kuwa shi ne a banke. Mai karantawa da ƙarfi zai ce umFÄHRT a ta farko, UMfährt a ta biyu, ba tare da ya tsaya tunani ba.

Sai ka dubi abin da aikin ya faɗa wa. Abin da ba ya faɗuwa ba a banke shi: gari, tafki, tsibiri, cunkoso, wurin aikin hanya, duk kewaye su ake yi. Abin da ke tsaye da ƙafa ɗaya ko biyu, kamar allo, turke, fitila, shinge, mutum, shi ne ake iya yi wa ko wanne. Akwai kuma kalmar da in ka gan ta magana ta ƙare, ita ce weiträumig, wato da tazara mai faɗi. Sanarwar 'yan sanda da rahoton hanya na rediyo kullum cikinta suke: Die Polizei bittet, den Bereich weiträumig zu umfahren, 'yan sanda suna roƙon a kewaye yankin daga nesa.

Idan kai ne mai magana kuma ba ka amince da bakinka ba tukuna, akwai hanyar tsira. Ka ce Ich fahre um die Tonne herum, ina zagaya robar. Um da herum sun sa robar a tsakiya, ba mai fahimtar ka a karkace. Ba kunya ba ce, Jamusawa kansu suna faɗin haka a hira.

Mataki na shida: tambayar da ta fi ƙa'idar littafi amfani

Za ka ji ana cewa mai rabuwa shi ke da ma'ana ta zahiri, marar rabuwa kuma ma'anar aro. Ƙa'idar tana da amfani a wasu wurare, zan dawo kanta. Amma a kan umfahren ba ta tsinana komai, domin bankewa da kewayewa duka a zahiri suke faruwa, da taya da kwalta. Ni a ganina koya wa ɗalibi ita a kan um ɓata masa lokaci ne.

Ga tambayar da nake yi: abin da aikin ya faɗa wa, ya motsa ko ya sauya? Ko kuwa yana nan a tsakiya, wani abu ne ya zagaye shi?

Idan yana nan daram an zagaye shi, aikatau marar rabuwa ne, nauyi a kan gangar jiki. UmARmen, runguma: hannuwa ne suka zagaye mutum. UmGEben, kewaye wuri kamar yadda ganuwa ta kewaye birni. UmKREIsen, shawagi a kewayen abu. UmZINgeln, yi wa ƙawanya. UmSEgeln, zagaya tsibiri ko duniya da jirgin ruwa.

Idan ya faɗi, ya juya, ko ya sauya hali ko wuri, mai rabuwa ne, nauyi a kan um. Na faɗuwa: umfallen, umwerfen, umstoßen, umkippen, har da umbringen, kashewa. Na juyawa: umdrehen, umkehren. Na sauyi: umsteigen, umziehen, umtauschen, umbuchen, ummelden. UMfahren ɗan gidan umwerfen ne, jifa ce da mota.

Gwada tambayar a kan wasu tagwayen. Wir stellen die Möbel um, mun sauya wa kayan ɗaki wuri: kaya sun motsa, um ya ɓalle. Da shi ake sauya agogo a Jamus sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba: Wir stellen die Uhr um. Amma Die Polizei umstellt das Haus, 'yan sanda sun yi wa gidan ƙawanya: gida bai gusa ba, um ya manne.

Umschreiben ma haka. UMschreiben sake rubuta abu ne, ko mayar da takarda zuwa wani suna ko wani tsari. Duk wanda ya zo Jamus da lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar zai haɗu da shi, domin lasisin wata 6 kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a ƙasar, daga nan sai den Führerschein umschreiben lassen, tare da jarrabawar takarda da ta tuƙi. Abin da ya kai ni gaban dattijon nan ke nan. UmSCHREIben kuwa shi ne ka bayyana abu da wasu kalmomi ba ka ambaci sunansa ba, kamar yadda matar Bahaushe ta dā ke zagaye sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Sunan yana tsakiya, magana ta kewaye shi.

Har abin da ya yi kama da togiya yana bin tambayar. Sie bindet sich einen Schal um, ta ɗaura gyale a wuya. Akwai zagayawa a ciki, amma mai rabuwa ne. Me ya sa? Abin da aikin ya faɗa wa a jimlar shi ne gyalen, gyalen kuwa shi ya motsa.

Wanda ya ɗan fita daban shi ne umgehen. UmGEhen yana bin tsari: Er umgeht das Gesetz, yana zagaye doka, er hat es umgangen. Amma UMgehen yana tafiya da mit, ma'anarsa yadda mutum ke mu'amala da wani ko sarrafa wani abu: Sie geht gut mit Kindern um, ta iya zama da yara, kuma sein yake ɗauka, sie ist umgegangen. Wannan sai dai ka riƙe shi haka. Sunayen da suka fito daga cikinsu sun gaji nauyin iyayensu: UMgang, mu'amala, da UmGEhung, zagayawa, wadda ta ba da Umgehungsstraße, titin da ke kewaye gari.

Mataki na bakwai: maƙwabta biyu da ke kan titi ɗaya

Hausa ta bambance bugewa, bankewa da takewa, Jamusanci ma haka. ANfahren, mai rabuwa, shi ne mota ta bugi mutum ko abu: Er hat einen Fußgänger angefahren. UMfahren ya ƙara da cewa abin ya faɗi. ÜberFAHren, marar rabuwa, shi ne taya ta bi ta kai: Er hat eine Katze überfahren, ya take kyanwa. Da shi kuma ake cewa an wuce jar fitila, eine rote Ampel überfahren. Lura da tarkon: umFAHren da überFAHren nauyinsu wuri ɗaya, siffarsu iri ɗaya, amma ɗaya tsira ne ɗaya ajali.

Wannan ba zancen jarrabawa kaɗai ba ne. A dokar Jamus, wanda ya yi haɗari ya bar wurin ba tare da an ɗauki bayanansa ba ya aikata laifi a ƙarƙashin sashe na 142 na kundin hukunta laifuka, hukuncinsa tara ko ɗauri har shekara 3, ko da allon hanya ne ya kayar ba mutum ba. In tsautsayi ya faɗa maka, ka tsaya, ka kira 110, ka ce: Ich habe ein Schild umgefahren. In ka yar da ge ɗin nan, ka shaida wa ɗan sanda cewa ka kewaye allo lafiya lau, zai rasa dalilin kiran.

Mataki na takwas: sauran ɗafa-goshi masu fuska biyu

Yawancin ɗafa-goshin Jamusanci ba su da wannan rigima. Be, emp, ent, er, ge, ver da zer ba sa rabuwa har abada. Ab, an, auf, aus, ein, mit, nach, vor, weg da zu suna rabuwa. Masu raba ƙafa su ne durch, über, um, unter, wider da wieder. Duk abin da ka koya a mataki na uku zuwa na biyar yana aiki a kansu ba canji.

A nan ne ƙa'idar zahiri da aro take da ɗan amfani, musamman a über, unter da durch. ÜBERsetzen aikin mai fito ne, tsallakar da mutane kogi: Der Fährmann hat uns übergesetzt. ÜberSETzen fassara ce: Sie hat den Brief übersetzt. ÜBERziehen, ɗora riga a kan wata: Ich habe mir einen Pullover übergezogen. ÜberZIEhen, cire kuɗi fiye da abin da ke asusu: Ich habe mein Konto überzogen. UNterstellen, fakewa daga ruwan sama ko ajiye keke a rumfa. UnterSTELlen, ɗora wa mutum zargin abin da bai tabbata ba. DURCHschauen, leƙawa ta cikin tabarau ko taga. DurchSCHAUen, gano cikin mutum: Ich habe dich durchschaut, na gano ka.

Amma ko a nan kada ka saki jiki. ÜberTREten shi ne karya doka, ya dace da ƙa'idar. ÜBERtreten kuma da shi ake faɗin sauya addini, Er ist zum Islam übergetreten, ya musulunta, wanda ba tsallaka wani abu ne da ƙafa ba, amma ga shi mai rabuwa. Wieder kuwa kusan kullum rabuwa yake, in ban da kalmar da ka fi ji a aji, wiederHOlen, maimaitawa: Ich wiederhole den Satz. In ka ce Ich hole den Ball wieder, ƙwallo ka je ka ɗauko.

Mataki na tara: yadda za ka ajiye su a littafinka

Kada ka sake rubuta irin wannan aikatau shi kaɗai da fassararsa a gefe. Kowanne ka ba shi layi huɗu: siffar kamus da alamar nauyi, jimla ɗaya ta yanzu, siffar haben ko sein, da siffar zu. Misali: UMfahren, er fährt das Schild um, hat umgefahren, umzufahren. A ƙasa: umFAHren, er umfährt den Stau, hat umfahren, zu umfahren. Ka haɗa kowanne da abin da ya saba faɗa wa, allo ga na bankewa, cunkoso ga na kewayewa, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe kalma da abokiyar tafiyarta.

In ka buɗe Duden, ka dubi ƙarƙashin wasula. Ɗigo a ƙasan wasali yana nufin nan nauyi yake kuma wasalin gajere ne, ɗan layi yana nufin nauyi da dogon wasali. Ɗigo a ƙasan u bankewa ne, layi a ƙasan a kewayewa ne. Don horar da kunne, labaran da DW ke karantawa a hankali saboda masu koyo, Langsam gesprochene Nachrichten, suna da amfani domin akwai rubutun a gefe: kafin ka kunna, ka ja layi a ƙarƙashin duk aikatau mai um, über, unter ko durch, ka yi hasashen inda nauyi zai faɗa, sannan ka saurara ka ga ko ka ci.

Ga gwaji. Ka karanta kowace da ƙarfi kafin ka dubi amsa.

1. Wir haben Köln auf der Autobahn umfahren.
2. Der Bus hätte mich fast umgefahren.
3. Es ist besser, das Zentrum zu umfahren.
4. Pass auf, dass du den Kinderwagen nicht umfährst!
5. Er wollte den Polizisten umfahren.

Ta 1 kewayewa ce: babu ge, kuma ba a banke birnin Kolon. Ta 2 bankewa ce, ge yana ciki, saura ƙiris bas ta kaɗe ni. Ta 3 kewayewa, zu yana waje. Ta 4 siffarta ba ta nuna komai ba, amma gargaɗi ne da nicht a kan keken jariri, don haka UMfährst. Ta 5 kuwa ba ta da amsa a takarda. In lauyan direban ne ya karanta ta a kotu, umFAHren za ka ji. In mai gabatar da ƙara ne, zai danna um.